Mai Ƙaramin Ƙarfi

A zuriyar Maiwalda, tun daga kakan kakansa, ba a taɓa haihuwar mai ƙaramin ƙarfi ba. Magana ce tabbatacciya, domin shi da kansa yake faɗarta kowace safiya a bakin shagonsa, kuma ba a taɓa samun wanda ya musa ba, tunda da guduma a hannu yake faɗa.

Shi ya sa da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta samu gurbin karatun injiniya a jami'ar gwamnati, aka turo mata kuɗin rajista da na ɗakin kwana da na ɗakin gwaji, da wani da aka kira kuɗin ci gaba ba tare da an ce ci gaban wa ba, ba ta gaya masa inda za ta ba. Ta rataya jakarta ta nufi ofishin tallafin ɗalibai. A saman ƙofar an rubuta da manyan baƙaƙe: DON MASU ƘARAMIN ƘARFI.

Taga ta ɗaya an tafi cin abinci. Ta biyu an tafi taro. Ta huɗu, in ji masu gadi, ba a taɓa ganin ta a buɗe ba. A ta uku ne ta tarar da wani saurayi siriri, ya naɗe hannun riga, yana fama da na'urar liƙe takardu.

"Sannu da zuwa," ya ce bai ɗago ba. "Taimako kika zo nema?"

"Ban zo neman taimako ba. Hakkina na zo karɓa."

Sai ya ɗago. Na'urar ta cije masa yatsa, bai ji ba.

"To, Malama Hakkina, bismilla. Miƙo takardunki."

Ya duba sakamakon jarrabawarta, ya sake dubawa, sannan ya yi mata bayani. Kwamiti zai zo gida ya ga halin da iyali suke ciki. Idan ya gamsu, jami'a za ta ɗauke mata kuɗin karatu. Idan bai gamsu ba, sai ta biya kafin a rufe rajista ƙarshen wata, in ba haka ba a ba wani gurbin.

"Ki gaya wa mutanen gida su bar komai yadda yake. Kada a motsa komai."

"Sai da abu ake motsawa," ta ce, ta juya.

Da yamma wayarta ta yi ƙara.

"Wannan saƙo ne daga ofishin tallafi. Takardunki sun cika. Ofishin kuma yana son sanin ko kin isa gida lafiya."

Ta karanta, ta taɓe baki, ta sake karantawa.

"A gaya wa ofishin ya tsaya a kan aikinsa. Na isa."

"Ofishin ya ji daɗi."

A wayarta ta ajiye lambar da sunan Taga Uku. Don tsari ne kawai, ta gaya wa kanta.

Kuskurenta ɗaya: a gurbin lambar mahaifi ta sa lambar mahaifinta, kamar yadda duk 'yar kirki za ta yi. Saƙon ranar ziyara a wayar Maiwalda ya faɗa. Ya shigo gida da tabaran walda a goshi, yana ɗaga wayar sama.

"Manyan jami'a za su zo gidana! Da ƙafarsu!"

"Baba, zuwa za su yi su ga halin da muke ciki."

"Za su gani kuwa."

"Baba, tallafin na waɗanda ba su da hali ne."

"Na masu ƙwaƙwalwa ne," ya gyara mata. "Ke yarinya ce, ba ki san yadda manya suke magana ba."

Umma tana kan keken ɗinkinta, ba ta tsaya ba. Ta daɗe da gane cewa ƙarar keke ta fi gardama amfani.

A bakin titi akwai Mai Kujeru, mai shagon kayan ɗaki, gwauro mai tumbi da turare, wanda ya daɗe yana gaishe da Maiwalda gaisuwar da ta wuce ta maƙwabtaka. Wurinsa Maiwalda ya je. Kafin ranar ziyara falon da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi tabarma da kujerar ƙarfe guda ba ya cika ya batse. Ga kujeru masu laushi da ledarsu, ga kafet mai nutsar da ƙafa, ga talabijin kamar ƙofar shago, ga firji a tsaye a tsakiyar falo kamar shi ma baƙo ne. Keken Umma aka tura shi uwar ɗaki, aka lulluɓe da zane.

Auta ta yi kuka, ta yi roƙo, ta yi fushi. Maiwalda ya ce duk murna ce.

Ranar ziyara, shugabar kwamiti, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta shigo da Taga Uku a bayanta riƙe da fayil. Yana ganin falon ya dubi Auta. Auta ta dubi kafet.

"Alhamdulillahi," in ji Maiwalda, ya baje a kujera leda tana kuka a ƙarƙashinsa, "mu dai ba mu rasa komai ba."

Shugabar ta rubuta.

Taga Uku ya ga ruwa na shirin cinye su. Ya miƙe, ya nufi firjin, ya buɗe shi a gaban kowa, don a ga gaskiya. Babu komai a ciki sai ɗan littafin bayanin yadda ake amfani da shi. Wayar wutar ma tana naɗe a baya.

"Kai yaro!" Maiwalda ya daka tsawa. "A gidanku haka ake yi?"

Shugabar ta leƙa ta saman tabarau. "Sabo fil ne ma, ko jonawa ba a yi ba." Ta rubuta cewa iyalin sun sayi firji kwanan nan.

Ilmi ke nan. Ba a banza ake shekaru ana neman sa ba.

Amsa ba ta daɗe ba: an taya iyalin murnar wadatar da Allah ya yi musu, an kuma tunatar da su ranar rufe rajista.

Maiwalda ya ce hassada ce. Mai Kujeru kuwa ya zo jaje da kansa, ya zauna a kan kujerarsa a falon mutane.

"Kayan ku riƙe, Baba, ai gida ɗaya ne. Kuɗin makaranta kuma mene ne a ciki? In dai an zama ɗaya, ni zan biya. In ma ta ga wahala ta yi yawa, ga shago, sai ta riƙe min lissafi."

"Ni gurbin karatu na samu," in ji Auta daga bakin ƙofa, "ba gurbin falo ba."

"Tana da barkwanci," Mai Kujeru ya ce, ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.

Washegari ta koma ofishin tallafi. A taga ta uku wani mutum ne daban yana sakace haƙori.

"Wancan? An ɗauke shi daga nan. Shi ya nema."

Ta fito ranta a ɓace. Ba don shi ba ne, ta gaya wa kanta, don gurbin ne. Ta zaro waya.

"Ashe tagar ma ta aro ce. Ka ga abu ya lalace ka gudu. Na gode."

"Hakkina, ban gudu ba, ƙasa na yi. Ki sauko benen bayan ofis, ƙofar da babu rubutu."

"Kada ka ƙara ce min Hakkina."

"To. Ki sauko dai, Hakkina."

Ta yi niyyar ƙin zuwa, ƙafarta ce ba a shawarta da ita ba. Ta same shi a ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, ƙura har a girarsa, ko taga ɗaya babu.

"Me ya kawo ka nan?"

"Doka. Ma'aikaci ba ya zama a kan takardun wanda yake da alaƙa da shi. Na je na gaya wa shugaba ba zan iya ci gaba da naki ba, saboda ina son mai takardun."

Auta ta riƙe ƙugu.

"Ita ka gaya wa? Ni ba ka gaya min ba?"

"Ofis ake fara sanarwa. Haka tsarin yake."

"Me ta ce?"

"Ta ce Allah ya sanya alheri, ta turo ni nan. Alawus ɗin fita ziyara kuma ya tafi da tagar."

"Wawa," ta ce a hankali, kuma tunda aka haife shi ba a taɓa kiran sa da suna mai daɗin wannan ba.

Ya ce ba zai taɓa takardunta ba, ba kuma zai yi wa kowa magana a kanta ba. Abin da zai iya gaya mata shi ne abin da ke manne a allon sanarwa, wanda ba mai karantawa: wanda aka hana yana da damar ɗaukaka ƙara sau ɗaya, kwamiti ya sake zuwa, saƙon ranar kuma lambar da ka bayar ake tura wa.

"Lambar Umma zan bayar."

"Kayan fa? Har yanzu suna falon."

"Wannan ba aikin ofis ba ne," ta ce. Ta kai bakin bene ta juyo. "Ka goge girarka, Taga Uku."

Da saƙon ya zo, Umma ta karanta, ta miƙa wa Auta wayar, ta koma kan keke.

"Ni ban ji ba, ban gani ba. Ɗinki nake."

Safiyar ranar ziyarar, bayan Maiwalda ya fita, Auta ta yi kwalliya ta nufi shagon Mai Kujeru. Ta jira sai da masu ciniki suka taru.

"Na zo in ba ka amsa da bakina, kada ka ce ba a gaya maka ba. Ba zan aure ka ba. Kujerunka ma sun fi ka daɗin zama. Amma mun gode da kyauta, don na san ba za ka iya kwashe su ba. Kai ai so kake a ce kana da kirki."

Wani mai cinikin katifa ya tuntsire da dariya. Dariyar ce ta ƙarasa aikin.

Motar kwamiti tana shan kwanar layin, motar Mai Kujeru tana ƙofar gida baki buɗe. Ƙarti sun kinkimo firji, kafet yana naɗe a kafaɗar wani, Mai Kujeru yana tsaye a tsakiyar titi yana shela.

"Kayana ne! Aro suka yi don a ce su ma wasu ne! Ko cokalin kirki ba su da shi a gidan nan! A fito da talabijin!"

Tunda aka kafa kwamitin bai taɓa samun shaida mai murya irin wannan ba. Shugabar ta gyara tabarau, ta fara rubutu tun daga cikin mota.

Duk wannan Auta ta tsara shi. Abin da ba ta tsara ba shi ne fuskar mahaifinta. Hayaniya ta kirawo shi daga shago, ya iso da safar walda a hannu, ya tsaya. Maƙwabta sun yi cirko-cirko a ƙofofinsu, waɗanda suka shekara suna jin labarin kakan kakansa. Bai yi tsawa ba, kuma wannan ne ya tsorata ta. Ya dubi motar, ya dubi Auta, ya gane.

Ya shiga falon da ya koma yadda Allah ya yi shi. Ya jawo kujerar ƙarfen da ya ƙera da hannunsa, ya goge ta da gefen rigarsa, ya ajiye wa shugabar.

"Bismilla, ranki ya daɗe. Wannan tawa ce."

Ta zauna, ta yi 'yan tambayoyi, ya amsa a gajarce. Sannan ta miƙo masa takarda da biro.

"Sa hannun mahaifi. Nan, ƙarƙashin inda aka ce mai ƙaramin ƙarfi."

Keken Umma ma ya tsaya.

Maiwalda ya kalli kalmomin kamar an zagi mahaifinsa. Biron ya ɓace a cikin tafin hannunsa.

"Baba," in ji Auta, ba ta sunkuyar da kai ba, "karatun nan sai na yi shi. Ko bana, ko baɗi, ko da furfura. Amma na fi so in yi shi da sa hannunka."

Ya daɗe yana kallonta. Sai ya ɗora takardar a kan hannun kujerar ƙarfen, ya danna biro, ya ja. Takardar ta yage, biron ya tsage, tawada ta ɓata masa yatsu.

"Ku kai musu," ya ce. "Su ga irin ƙaramin ƙarfin."

An karɓi takardar a yagenta. Auta ta yi rajista ana gobe za a rufe.

Maiwalda bai yi mata magana ba har ranar da za ta koma ɗakin kwanan ɗalibai. Da safe ta tarar da akwatin ƙarfe a ƙofar ɗakinta, fentinsa bai gama bushewa ba. Sai da mutum biyu suka kama kafin ya ɗagu.

"Kada ki bari a zauna a kai," abin da ya ce ke nan. Sulhu ne, irin nasu.

Mai Kujeru ya aiko da takardar kuɗin hayar kayansa, har da na wata karcewa a jikin firji. Maiwalda ya ce ya kai shi kotu. Daga nan ba a sake jin maganar ba, Maiwalda kuma ya bayyana wa layin cewa tsoro ne. A wannan tsakanin ne Umma ta fara ɗinkin wani yadi mai kauri, mai karya allura, amma wa yake tambayar tela abin da take ɗinkawa?

Shekarun karatu suka miƙa, saƙonni suka biyo su.

"Ofishin ƙasa yana gaisuwa. Yaya jarrabawa?"

"Ta zo da rashin kunya, na koya mata hankali. Ka ci abinci?"

"Na ci ƙura. Idan kika zama injiniya, ki fasa min taga a ɗakin nan, Hakkina."

"Sai ka cike takarda. Kwamiti zai zo ya ga halin da kake ciki."

"Halin da nake ciki ke ce."

"Ka faye surutu, Taga Uku. Kada ka daina."

Da ta kammala, ya turo kawunsa neman izinin zuwa gaisuwa. Maiwalda ya yi tsalle ya dire.

"Mai leƙen firji? Wanda ya buɗe min kaya a gaban baƙi? Ba a gidana ba!"

"Baba, shi zan aura."

"Ban yarda ba."

"Zan jira ka yarda. Na iya jira, a layin jami'a na koya."

Umma ce ta ce a bari dai yaron ya zo ya gaishe shi, gaisuwa ba ɗaurin aure ba ce. Ya zo da kawunsa. Aka ba kawun kujerar ƙarfe, shi ya durƙusa a tabarma. Maiwalda ya ƙare masa kallo.

"Ranar da aka yi abin nan, ranar mota, kana nan?"

"Ba na nan, Baba. Sau ɗaya na taɓa shigowa gidan nan."

"Yaya ka ga falon?"

Auta tana bayan labule, ta kasa kunne.

"A cike, Baba. Ko wurin sa ƙafa babu."

Maiwalda ya gyara zama. Ya yi gyaran murya. Ya juya wajen uwar ɗaki ya ɗaga murya.

"Kin ji? Duk jami'ar nan shi kaɗai ya san ni a yadda nake. Yaron nan yana da tarbiyya. A kawo musu ruwa."

Ranar biki layin ya cika. Maiwalda ya ce 'yarsa injiniya ba za ta zauna a kan abin da bai kai ba, don haka aka jera kujeru masu laushi tun daga ƙofar gida har bakin titi. Daga shagon Mai Kujeru aka ɗauko su, wanda ya yi aure tuni, ya kuma gane cewa fushi daban, ciniki daban.

Amarya da ango suna zaune a kan babbar kujera, ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Yau dai an ba ni hakkina."

"An ba ka aro. Ka kula da shi, kwamiti yana nan."

Maiwalda ya karɓi lasifika.

"Jama'a, ku shaida! Na ilmantar da 'yata da ƙarfin damtsena. Na aurar da ita da ƙarfin damtsena. Ban taɓa miƙa wa ɗan Adam hannu ba, kuma ba a bin gidana ko sisi. A zuriyarmu ba a taɓa haihuwar mai ƙaramin ƙarfi ba!"

Aka tafa. Shugabar kwamiti, wadda aka gayyata, ta tafa fiye da kowa.

Auta tana dariya, hannunta yana wasa da gefen matashin kujera, sai yatsanta ya tsaya. Ɗinki biyu a jere, da ɗan ƙulli a ƙarshe an tura shi ciki. Ta san wannan ƙullin. Yana jikin duk rigar makarantar da ta taɓa sawa. Ta shafa matashi na biyu. Ta dubi kujerun da suka miƙa har bakin titi.

Da aka fara watsewa, kafin a raka ta, ta shiga uwar ɗaki. Umma tana kan keke da kayan bikinta, yadi mai kauri a cinyarta.

"Umma, kuɗin hayar nan na Mai Kujeru. Ke ce? Da ɗinki?"

"Na waccan shekarar? Na gama shi tuntuni."

"To wannan fa?"

"Wannan na yau ne."

Auta ta durƙusa, ta kifa kai a gwiwar mahaifiyarta.

"Albashina na farko, Umma..."

"Ki tashi, za ki ɓata kwalliya. Kuma kada babanki ya ji, ba shi da ƙarfin ɗaukar wannan." Ta ɗora mata hannu a ka. "Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da mai leƙen firjinki, ya cika muku shi da halal. Tashi, suna jira."

A waje Maiwalda ya kama hannun ango yana girgizawa har yaron yana cije leɓe, yana sa musu albarka da muryar da ta kai layi na gaba. Auta ta shiga mota, mijinta ya riƙe mata hannu da wanda ya rage masa. Motar ta tashi a hankali.

Ta cikin tagar uwar ɗaki, a ƙarƙashin hayaniyar masu rakiya, keken ya ci gaba.